Me Ya Sa Agege, Obalende Da Mile 12? Yadda Hanyoyi Suka Zaunar Da Bahaushe A Legas

Duk wanda ya ɗan jima a Legas zai iya lissafo wuraren da Hausa ta fi tashi ba tare da dogon tunani ba: Agege, Obalende, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago, Ijora, sai kuma bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa. Amma ka tambayi mutum abin da ya sa aka zauna a nan aka bar can, da wuya amsarsa ta wuce "nan muka tarar da manya." Haka ne, nan aka tarar da su. To su manyan me ya ajiye su a wurin? Idan ka bi diddigi za ka ga kusan kowace unguwa akwai hanyar da ta haife ta. Wata bariki ce ta kawo ta, wata layin dogo, wata kwalta, wata kuma teku. Ba a zamani ɗaya aka kafa su ba, kuma ba sana'a ɗaya ta tara mutanensu ba, ko da yake mutanen gari kallon abu ɗaya suke yi mana.

Sai an fahimci yadda ƙasar take kafin sauran bayani ya zauna. Legas ce jiha mafi ƙanƙanta a Najeriya, faɗinta murabba'in kilomita 3,500 ne da 'yan kai, kuma wani babban kaso na wannan ruwa ne da fadama. Jihar Neja, wadda ta fi kowace girma, ta ninka ta fiye da sau ashirin. Asalin garin, wato Ikko, ɗan tsibiri ne tsakanin teku da babban tafkin nan da gadar Third Mainland ta ratsa. Gari irin wannan ƙofofinsa ƙidayayyu ne, kuma baƙon da ya zo da kaya masu nauyi ko dabbobi ba ya kutsawa tsakiya, a bakin ƙofa yake sauke kaya. Haka zango yake a ko'ina, daga Kumasi har unguwar Sabo ta Ibadan. Sannan garin yana can ƙuryar kudu maso yamma, ya fi Sakkwato ma kusa da yamma. Shi ya sa da azumi ɗan'uwanka na Maiduguri zai kira ka yana tauna dabino, kai kuwa da sauran wajen minti 40 kafin ladanin Agege ya ɗaga murya. Na Kano ya riga ka da kimanin minti 20.

Tun kafin Turawan Ingila su karɓe garin akwai masu jin Hausa a Ikko. Wasu fatake ne, da yawa kuma bayi ne da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka gangaro da su kudu. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin luguden wuta, suka kori Sarki Kosoko suka ɗora Akitoye, sannan a watan Agusta na 1861 Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa musu garin. Daga nan sai suka buƙaci masu riƙe bindiga da ba su da dangi a cikin garin. Akwai wani hafsan sojan ruwa, John Glover, wanda jirginsu mai suna Dayspring ya fashe a kan dutse kusa da Jebba a 1857, abin da ya sa ya ratsa ƙasar Yarbawa ta tudu ya san mutanenta da bayin da ke cikinta. A 1863 ya tara 'yan Arewa, akasarinsu bayin da suka tsere wa iyayengijinsu, ya mai da su 'yar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover. Ba duka ne Hausawan asali ba, harshen ne ya haɗa su. Rundunar sojan Najeriya daga wannan shekara take ƙirga haihuwarta, shi ya sa a 2023 ta yi bikin cika shekara 160.

Wannan tarihi ba duka ne abin tinƙaho ba, kuma bai kamata a shafa masa mai ba. Da irin waɗannan dakaru aka yaƙi masarautar Asante, cikin Ghana ta yanzu, a 1873 zuwa 1874, da su aka murƙushe Ijebu a 1892, kuma rundunar da Lugga ya gina daga baya, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903, cike take da masu jin Hausa. Mutumin da aka sayar daga gida ya dawo gida da bindigar Bature a kafaɗa. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, sojoji suna da mata da 'ya'ya, suna tsufa, suna barin aiki, kuma dole a ba su wurin zama. Obalende aka zaunar da su, a gefen Ikoyi inda Turawa suka keɓe wa kansu. Barikin Dodan yana nan maƙwabtaka da ita har yau. Wanda ya tsaya cin tsire a Obalende da dare, a ɗaya daga cikin tsofaffin matsugunan Hausawa na garin yake tsaye.

Agege labarinta daban, kuma a ganina shi ya fi daɗin bi, domin na goro ne.

Shekaru aru-aru Bahaushe yana cin goro amma ba ya tsiro a ƙasarsa. Fatake kan haɗa ayari daga Kano da jakuna, su yi watanni a hanya har Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yanzu, su kai kanwa da tufafi da fatu, su juyo da goro. Bayan Turawa sun karya Asante, ga kuma jiragen ruwa masu tururi suna zirga-zirga a gaɓar teku, sai masu ido a buɗe suka gane cewa ɗora huhunan goro a jirgi daga gaɓar Ghana zuwa Legas ya fi sauri da aminci. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya kafin ya koma Kano ya zama sarkin cinikin gyaɗa. Ana cikin haka aka soma shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901, zuwa 1912 jirgi yana haɗa Legas da Kano, tafiyar da ta haura kilomita 1,100. Da farko a Jebba sai an tsallakar da taragu ta kan ruwa, kafin a kammala gadar Kwara bayan 'yan shekaru. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Sai abu na biyu ya faru, wanda shi ne ainihin tushen Zangon Agege. A farkon ƙarni na 20 yankin Agege gonaki ne, inda wasu attajiran Legas irin su J. K. Coker suka buɗe manyan gonakin koko a wajen Ifako. Manoman yankin suka lura irin goron da Bahaushe ke so, na Gwanja mai ɓari biyu, yana yi a ƙasarsu, ba kamar hannun-ruwa da suka gada ba wanda kasuwarsa a Arewa ba ta kai ta wancan ba. Suka dasa shi, daga Agege da Ota har Shagamu. Ga goro a gona, ga tashar jirgi a bakin gonar. Me ya rage? Mai saye. Nan Hausawa suka sauka, suka kafa rumfuna, suka yi masallaci, aka naɗa sarki. Maganar nan da ake yi cewa Bayarabe ke noma goro, Bahaushe ke ci, Ibo ke girmama shi, ba ta fi shekara ɗari da 'yan kai da zama gaskiya ba.

Sana'ar goro kuwa ba ta gaggawa ba ce, kuma wannan ne ya mai da baƙo mazauni. Ka leƙa rumfar mai goro ka ga aikin: an zube shi a tabarma, ana tsince mai tsutsa da mai tabo ɗaya bayan ɗaya, ana ware fari da ja, marsa gefe guda, ƙananan gefe guda. A shimfiɗa ɗanyen ganye a cikin huhu, a jera, a yayyafa ruwa daidai misali, a ɗaure. Bayan 'yan kwanaki a kwance a sake dubawa, domin ƙwaya ɗaya mai ciwo tana iya lalata ƙwarya guda, wato goro ɗari. Wanda zai ajiye goro har ya zama daushe ya sayar da tsada ba zai yi haka yana kan hanya ba. Dole ya sami ɗaki, da yara masu taya shi, da wakili a Kano da zai karɓi kaya ya aiko da kuɗi.

Taragun da suka hau da goro ba su sauko wayam ba, da shanu suka dawo. Kurmin kudu yana da ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore, saboda haka manyan shanun Arewa ba sa daɗewa a nan cikin ƙoshin lafiya. A kawo su ne a yanka. Wannan ciniki ya tsaya ne a kan wani tsari da har yanzu bai mutu ba, wato na maigida da dillali. Falke ya iso da garke, bai san kowa ba, ba ya jin Yarbanci. Maigida ya sauke shi, ya ci da shi, ya ajiye masa kuɗi. Dillalin maigida ya haɗa shi da mahauci, kuma sau da yawa bashi ake bayarwa, sai an yanka an sayar a biya. Idan mahauci ya gudu, maigida ne zai ɗauki asarar, don haka aikinsa shi ne ya san kowane mahauci ciki da bai: wa ke biya, wa ke da taurin bashi, wa ya fara karyewa. Ladansa la'ada. Babu takarda, babu kotu, sunan mutum ne jarinsa. Wanda ya fahimci wannan zai gane abin da ya sa zango ke riƙe da harshensa da limaminsa da sarkinsa ƙam-ƙam: amanar da kasuwar ke tafiya a kanta ba ta yiwuwa sai an san juna. Babbar mayankar Legas tana Oko-Oba, nan Agege. Kasuwar Kara da ke bakin gadar shiga gari kuwa, wadda mutane da dama ke ɗauka Legas ce, a ƙasar jihar Ogun take.

Akwai wani rukunin 'yan Arewa da ba kasuwa ta kawo su ba, mulki ne. Daga haɗewar Kudu da Arewa a ranar 1 ga Janairun 1914 har zuwa 12 ga Disambar 1991, Legas ce babban birnin ƙasa. Sunayen tituna sun isa shaida. Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, nan aka sauke tutar Ingila a 1960. Titin Ahmadu Bello ya bi gaɓar teku a Victoria Island. Titin Ribaɗu yana Ikoyi. Ga wata tambaya da takan kayar da mutane a majalisa: wane Bakatsine ne ya taɓa riƙe ragamar harkokin birnin Legas? Musa 'Yar'aduwa ne, mahaifin Shehu da Umaru, wanda ya yi ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Kafin shi Muhammadu Ribaɗu ya riƙe kujerar. A lokacin babu jihar Legas, sai a watan Mayun 1967 Gowon ya ƙirƙiro ta cikin jihohi 12. Murtala Muhammad ne ya yanke shawarar komawa Abuja a farkon Fabrairun 1976, bisa rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, kuma ranar 13 ga watan aka harbe shi cikin cunkoson motoci a Ikoyi. Motar tana gidan tarihi na Onikan da hudojin harsashi a jikinta. Wannan rukuni na manyan ma'aikata da hafsoshi shi ne bai yi saiwa sosai ba. Da gwamnati ta tashi, yawancinsu suka bi ta.

Zuwa lokacin jirgin ƙasa ya riga ya fara mutuwa, mota ta karɓe kaya. An buɗe babbar hanyar Legas zuwa Ibadan a 1978, kuma ƙofar gari ta tashi daga tashar jirgi ta koma bakin kwalta. Abin da ya ɗaukaka kasuwar kayan gwari ta Mile 12 ke nan, a kan hanyar Ikorodu, inda tirela za ta iya saukewa ba tare da ta shiga ƙuryar gari ba.

Ka je wurin da asuba kafin gari ya waye. Motoci sun kwana biyu ko uku a hanya daga Kadawa da Ɗanja da Zariya da Jos, albasa kuma daga Sakkwato da Aliero. 'Yan dako suna hawa suna sauko da kwanduna a ka, ruwan tumatir na bin wuyansu. Dillali ya ɗaga ciyawar da aka rufe bakin kwando da ita, ya tura hannu can ƙasa, domin na sama kullum kyakkyawa ne, ƙasan ne ke faɗin gaskiyar tafiyar. Matan Yarbawa masu sari suna tsaye da kuɗi a ɗaure a zani, ana ciniki da Hausa da Yarbanci da Turancin kasuwa a cikin numfashi ɗaya. Wanda ya farfashe ma yana da masu saye, a farashinsa. Kayan gwari ba sa jira, shi ya sa kowace awa da mota ta ɓata a shingen karɓar kuɗi ko a ramin hanya, a cikin kwando ake biyanta. Idan farashin tumatir ya haukace a Legas, kafin a zagi ɗan kasuwa a duba abu uku: ko damina ta sauka a Arewa noman rani ya ƙare, ko kuɗin man dizal ya tashi, ko kuma tsutsar nan da ta cinye gonaki a 2016 ta dawo. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa kudu na 'yan kwanaki. Farashi ya yi tsalle a Legas, amma a daidai lokacin tumatir yana ruɓewa a hannun manomi a Kano. Kowane ɓangare ya ji a jikinsa, kuma ba a daɗe ba aka janye.

Inda kuɗi ke juyawa haka ba a rasa rigima. An zubar da jini a Ketu a 1999, a Idi-Araba a 2002, a Mile 12 a 2016. Jaridu kan kira su faɗan ƙabilanci su wuce, kuma ba shakka da zarar an fara, da harshe da kama ake tantance wanda za a sara. Amma na 1999 a kan shugabancin kasuwa ya taso, wato wa zai karɓi kuɗin shiga. Ni dai na fi yarda cewa wanda ke son zaman lafiyar zango ya fara da gyara lissafin kasuwa kafin taron sulhu.

Apapa ba ta buƙatar dogon bayani. Tashar jiragen ruwa tana nan, ta Tin Can ta ƙaru a 1977, rumbunan man fetur suka kewaye su. Da matatar Kaduna ta daina aiki, man da za a sha a Gusau ma sai an ɗauko shi daga bakin teku. Direban tanka da yaransa kan yi kwanaki a layi, inda layi ya daɗe kuwa mai shayi zai kafa tebur, mai abinci ta ɗora tukunya, a shimfiɗa tabarmar salla a ƙarƙashin gada.

Rukuni na ƙarshe su ne suka fi yawa a ido, kuma su suka fi shan wuya: 'yan ci-rani. A da mutum kan zo bayan girbi, ya yi gadi ko ga-ruwa ko wankin takalmi, ya koma kafin shuka. Rikicin Boko Haram daga 2009, da na 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, sun sa da yawa ba su da gonar da za su koma. Ga kuma 'yan'uwa daga Nijar da Chadi, waɗanda ɗan Legas ba ya bambance su da Bakano. Babur ne ya karɓi mafi yawansu, domin sana'a ce da ba ta neman maigida ko jari mai yawa. Nan kuma suka yi karo da hukuma: dokar hanya ta 2012 a zamanin Gwamna Fashola ta hana acaɓa bin manyan tituna, aka tsananta a Fabrairun 2020, sannan daga 1 ga Yunin 2022 aka haramta shi ɗungurum a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, aka ƙara wasu daga baya. Masu cewa don ƙin Bahaushe aka yi su tuna Kano ta riga Legas haramta shi ɗungurum, tun Janairun 2013 ta hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Abin da ke da zafi a nan shi ne murƙushe baburan da aka kama, alhali da yawansu bashi ne ba a gama biya ba. Bambancin waɗannan da mutanen goro da shanu shi ne ba su da zango nasu. Kowa na raɓe ne a kango ko ƙarƙashin gada, kuma idan an kama shi babu maigidan da zai tsaya masa.

Nawa ne mu a garin? Duk adadin da ka ji an faɗa a taro kintace ne, domin ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba. Ita ce dai ƙidayar da ta ba Kano mutum miliyan 9.4, Legas miliyan 9 da ɗoriya, gwamnatin Legas ta yi fatali da ita ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Musun bai mutu ba, musamman da yake Kano na da ƙananan hukumomi 44, Legas 20, kuma da su ake rabon kuɗin tarayya. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma a Agege akwai gidajen da kaka da jika duk nan aka yanke musu cibiya, suna Yarbanci kamar 'yan Isale Eko, tsohuwar unguwar tsibirin Ikko, suna zaɓe a nan, wasunsu har takara suke yi.

Matsalar da ke gaban tsofaffin zangunan ita ce gari ya cim musu. Wurin da yake bakin ƙofa a 1920 ko 1980 yanzu tsakiyar birni ne, filinsa ya yi tsada, kuma kasuwanni da yawa ba su da takardar mallaka mai ƙarfi. Tun bayan rikicin 2016 gwamnati ke maganar mai da Mile 12 zuwa Imota, ta kuma fara gina babbar cibiyar ajiye kayan abinci a yankin Epe. Agege ta sake ganin jirgi: sabon layin Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 2021, jirgin cikin gari na Agbado zuwa Oyingbo a 2024, sai dai mutane suka fi ɗauka, ba goro da shanu ba. Manyan kaya gabas suka nufa. Tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki ta buɗe a 2023, a shekarar aka ƙaddamar da matatar Ɗangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, kuma mai ita tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa. Tankokin da a da ke kwana a Apapa yanzu da dama hanyar Ibeju-Lekki da Epe suke bi su ɓulle Ijebu-Ode su kama Arewa, kuma masu shayi da masu tsire sun riga sun bi su can.